Bidiyon Babur a Wayoyin Damagaram: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama a wata fada a Birni ko Zango ko Sabon Gari bayan sallar isha'i ya san yadda abin yake farawa. Ana jiran shayi na biyu ya nuna, sai wani ya miƙo wayarsa ya ce a dubi wannan, kawuna biyar su taru a kan allo ɗaya, kafin a juye shayin gardama ta kaure a kan ko abin da aka gani gaskiya ne. Na shafe fiye da shekara ashirin ina hawan babur a garin nan, kuma ina cikin masu son waɗannan bidiyoyi, ina kallo, ina turawa. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda ƙanne da abokai suka fi maimaita mini.

Daga ina waɗannan bidiyoyi suke fitowa, kuma me ya sa ba a san masu su ba?

Asalin mafi yawansu YouTube ne ko TikTok ko Facebook, inda mai bidiyon ya ɗora shi da sunansa da ranar ɗorawa, wani lokaci har da bayanin wurin. Amma kaɗan ne daga cikinmu suke ganinsa a can. Wani ne zai sauke shi, ya yanke daƙiƙa talatin ɗin da suka fi burge shi, ya cire ƙarar injin ya ɗora waƙa, sannan ya jefa shi a WhatsApp, daga nan ya bi waya zuwa waya har ya iso gare mu ba suna, ba kwanan wata, ba gari. A wannan hali wanda ya turo maka shi kaɗai ne madogararka, kuma idan ka tura wa wani, kai ne ka zama tasa madogarar. Shi ya sa nake ɗaukar turawa a matsayin ba da shaida, domin wanda ya karɓa daga hannunka yana ɗauka ka duba, ka yarda, ka ga ya dace ya gani.

Gudun da ake gani a MotoGP, babbar gasar tseren babur ta duniya, gaskiya ne, ko dabarar kyamara ce?

Gaskiya ne. A shekarar 2023, a filin tsere na Mugello da ke Italiya, an auna babur ɗin KTM na Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudu, yana gudun kilomita 366 a awa, wato yana cinye fiye da mita 100 a kowace daƙiƙa, kusan tsawon filin ƙwallo. Girman injin irin waɗannan babura ya kai cc 1000, alhali namu na yau da kullum, su Haojue da Boxer, suna tsakanin 100 da 150. Gasar ba ta jiya ba ce, tun 1949 ake yin ta, kuma lamba 46 da samari suke mannawa a jikin baburansu ta Valentino Rossi ce, mutumin Italiya da ya ci kambun duniya sau 9 kafin ya bar tseren babur a 2021.

Abin da gajeren bidiyo ba ya nunawa shi ne duk abin da ke kewaye da mahayin. Hanyar a rufe take, ba akuya, ba amalanke, ba yarinya mai talla da za ta tsallaka, ba ramin da ruwan damina ya haƙa. A bayan manyan kwanoni an shimfiɗa tsakuwa mai faɗi domin wanda ya faɗi ya zame ya tsaya kafin ya kai bango. Rigar fatar da yake sanye da ita tana da jakar iska a ciki wadda ke kumbura da zarar na'ura ta ji ya fara faɗuwa, kuma tun 2018 aka wajabta ta, ga likitoci da jirgi mai saukar ungulu suna jira a gefe. Duk da wannan shiri ana mutuwa, domin Marco Simoncelli a tsakiyar tseren Malesiya ya rasu a 2011. Tseren tsibirin Man da ke tsakanin Birtaniya da Ireland kuwa, wanda aka fara a 1907 kuma ake yin sa a kan hanyoyin gari tsakanin gidaje da katangun dutse, a zagayen kimanin kilomita 60, mahaya fiye da 250 ne suka rasa rayukansu a kan wannan hanya. Wanda zai tura wa ƙanensa bidiyon wannan tsere, ina ganin wajibi ne ya haɗa masa da wannan adadi.

Ta yaya zan gane bidiyon da aka yi wa coge ko aka ƙaga wa labari?

Mafi sauƙin coge shi ne ƙara wa hoto sauri. Ka bar kallon babur ɗin, ka dubi abin da ke bayansa, mai tafiya a ƙasa ko ganyen itace ko hayaƙi. Idan ka ga tsoho yana tafiya kamar ana korarsa, an taɓa bidiyon. Ko ba a taɓa shi ba, ƙaramar kyamarar da ake ɗaurawa a hula ko kusa da taya tana da faɗin ido, tana sa gefen hanya ya riƙa wucewa da gudun da ya fi na gaske. A YouTube ana iya rage sauri zuwa kashi ɗaya bisa huɗu, kuma a nan ne ake ganin inda aka yanka aka haɗa. Yanzu kuma ga bidiyon da kwamfuta ke ƙirƙira daga babu, waɗanda sukan tona asirin kansu ta rubutun lamba da ke narkewa, ko yatsun da suka shige cikin hannun babur, ko inuwar da ba ta bin mai ita, sai dai kullum ƙara ƙwarewa suke yi, saboda haka rashin ganin aibi ba hujja ba ne.

Wanda ya fi yawa a wurinmu, ya kuma fi ɓarna, shi ne bidiyo na gaske da aka ɗora wa labarin ƙarya. A bara an turo mini wani da rubutun cewa jiya ne abin ya faru a hanyar Tanut, amma da na dube shi da natsuwa sai na ga motoci suna bin hannun hagu, ga itatuwan kwakwa jere a gefen hanya. Mu a Nijar dama muke bi, haka ma Najeriya. Masu bin hagu su ne irin su Indiya da Indonesiya da Kenya. Lambar mota, harshen da ke kan allunan hanya, tufafin mutane da launin ƙasar wurin, duk shaidu ne ga mai lura. Wanda ke da mega yana iya ɗaukar hoton allo ya saka a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa, kuma sau da yawa zai tarar bidiyon ya daɗe yana yawo da sunayen garuruwa daban-daban. Kibiya biyu da WhatsApp ke sakawa a saman saƙo kuwa, ma'anarta saƙon ya ratsa hannaye da yawa, ba wai ya tabbata ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da bincikar labari domin kada mu cuci mutane cikin jahilci, kuma ban ga abin da zai fitar da bidiyo daga wannan umarni ba.

Malam, ai tura bidiyon hatsari wa'azi ne ga masu ganganci. Mene ne laifinsa?

Wannan ce tambayar da na fi daɗewa a kanta, domin masu yin ta da kyakkyawar niyya suke yi, kuma ni ma na taɓa riƙe wannan ra'ayi. Abin da ya sauya ni shi ne wani karo da aka yi a bayan gari, bidiyonsa ya shiga wayoyi kafin a kai wanda ya ji rauni asibiti, mahaifiyarsa kuma ta gane ɗanta ne ta rigar da ke jikinsa, a wayar wata maƙwabciya, babu wanda ya zaunar da ita, babu wanda ya fara mata da addu'a. A al'adarmu ba haka ake kai irin wannan labari ba. Manya ake aikawa, su yi sallama, su zauna, su bi da maganar sannu a hankali har zuciya ta iya ɗauka. Waya ta zo ta tsallake duk wannan, kuma da yatsunmu take tsallakewa.

Sannan akwai haƙƙin wanda ke kwance. Mutumin da tufafinsa suka yage, jini ya rufe masa fuska, ba shi da bakin cewa kada a ɗauke shi, kuma wannan rashin iko nasa shi ne ya ɗora mana nauyin suturta shi. Kowa ya san hadisin da ya yi alkawarin rufin asiri ga wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa musulmi, sai dai mun fi tuna shi a wurin wa'azi fiye da bakin kwalta. Batun cewa kallon yana tsoratar da masu ganganci kuma, abin da na lura da shi akasin haka ne: wanda ya saba ganin jini a waya zuciyarsa bushewa take yi, ya kalla, ya yi salati, ya wuce zuwa na gaba.

Ban musa ba, akwai bidiyon hatsari mai amfani, wato wanda aka ɗauka daga nesa, ba a ganin fuska ko gawa, amma ana ganin yadda abin ya faru, misali mai babur da ya kutsa ta gefen babbar mota a kwana, daidai inda direba ba ya ganinsa a madubi. Irin wannan a kalla, a tsayar, a mayar baya, a tattauna. Idan kuwa kai ne ka iske hatsari, aikin wayarka shi ne kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko ƴan sanda a lamba 17, aikin hannunka kuma tsayar da ababen hawa da hana jama'a fizgar wanda ya faɗi, domin ɗaga mai rauni a wuya ba tare da kiyayewa ba yana iya shanye masa jiki har ƙarshen rayuwarsa.

Doka tana da magana a kan wanda ya tura kawai, ba shi ya ɗauka ba?

Tana da ita. Nijar ta kafa dokar yaƙi da laifukan intanet a 2019, an sassauta wani sashe nata a 2022, sannan a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta hanyoyin sadarwar zamani. Dokar tana kuma hukunta yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a ko ya zubar da mutuncin ɗan Adam, kuma tunda yaɗawa aka ambata, cewa “ni ma turo mini aka yi” ba garkuwa ba ce da za a dogara da ita. A guji ɗaukar shingen jami'an tsaro ko ayarinsu. Babur abu ne da hukuma ke sa wa ido a ƙasar nan, kuma ba mu manta ba cewa tun daga 2015 maƙwabtanmu na jihar Difa sun yi shekaru an hana su hawansa saboda matsalar tsaro.

Yaya, ƙanena ya kamu da kallon masu ɗaga tayar gaba, har ya fara gwadawa da babur ɗin gida. Me zan yi?

Kada ka fara da ƙwace waya, domin zai kalla a ta abokinsa, kai kuma ka rasa bakin yi masa magana. Ka zauna ku kalla tare, ka tambaye shi sau nawa yake tsammani mutumin ya faɗi kafin ya samu daƙiƙa goman da ya ɗora, tunda ba mai nuna wa duniya faɗuwarsa. Ƙwararrun wannan wasa a killataccen fili suke yi, da hular kwano da kariyar gwiwa da ta gadon baya, a kan babur ɗin da aka sauya wa haƙoran sarƙa, aka ƙara masa birkin baya a hannu, aka kewaye injinsa da ƙarfe. Babur ɗin da ake kai niƙa da shi, ake kai yara makaranta, ba don haka aka ƙera shi ba. Kowace ɗagawa tana cin kuloci tana miƙar da sarƙa, kowace saukowa tana dukan shokazoban gaba har su fara zubar da mai, kuma idan aka daɗe da taya a sama baƙin mai yakan koma baya ya bar famfonsa yana jan iska. Wani matashin lissafin kuɗin gyara ya fi shiga kunnensa fiye da maganar mutuwa, musamman idan aka ce daga aljihunsa za su fito.

Mu mutanen Damagaram mun san sha'awar nuna bajinta a kan abin hawa tun kafin babur ya zo ƙasar nan, kuma ba na ganin ta a matsayin aibi. Amma mahayin da ke sukuwa a ƙofar fadar Sarki ranar hawan salla tun yana yaro yake bayan doki, a gaban idon manya, kuma an share masa fili kafin ya saki linzami. Abin da ake yi a rakiyar amarya, inda samari ke miƙewa tsaye a kan babur su saki hannu a tsakiyar mata da yara, ya ɗauki sha'awar ya bar horon. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya asara idan aka auna da yawan jama'a. Ta kuma ce hular kwano mai kyau, idan an sa ta daidai an ɗaure igiyarta, tana rage hatsarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari.

Ka ba shi wata bajintar da zai nema. Akwai bidiyoyin gasar ƴan sandan babur na Japan, inda gwaninta ita ce juya babur mai nauyi a ɗan matsattsen wuri ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Ku je fili ku jera duwatsu, ku yi gasar wanda zai fi kowa tafiya a hankali da wanda zai tsaya cak a kan layi. Wanda ya gwada ya san ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ita ce gwanintar da za ta fitar da shi lafiya daga cunkoson kasuwar Dole.

Mutum zai iya koyon gyaran babur daga bidiyo?

Zai iya koyon wani abu, kuma a ganina nan ne amfanin intanet ya fi fitowa ga mai babur. Boxer a Indiya ake ƙera shi, saboda haka bidiyon gyaransa da harshen Hindi ba su ƙirguwa, kuma waɗanda suka tashi da kallon finafinan Indiya sukan tsinci kalmomi fiye da yadda suke zato. Injin da yawa daga cikin baburan Sin masu 125 kuma daga Honda CG125, wanda ya fito a 1975, aka kwaikwaye shi, don haka bayanin wannan yakan yi wa wancan aiki. Ɗaure sarƙa da shafa mata mai, duba launin buji, wanke matatar iska da juye baƙin mai, duk mai babur ya kamata ya iya su. Sharaɗin shi ne a tabbata babur ɗin bidiyon irin naka ne, a kalla har ƙarshe kafin a ɗauki sifana, a kuma nemi na biyu a gwada maganarsu.

Buɗe cikin inji da saita bawul da aikin birki a bar wa makanike, domin bidiyo ba ya jin ƙarar injinka, ba ya kuma sa maka a hannu iya ƙarfin da ake ɗaure noti kafin haƙorinsa ya lalace. Ban kuma ga kyawun ɗabi'ar da ta fara yaɗuwa ba, ta saurayi ya tsaya a kan dattijon da ya shekara talatin a garaji yana nuna masa waya yana cewa ba haka ake yi ba. Mai tambaya ya ce, “Baba, na ga wani ya yi kaza, yaya kuke gani?” Sau da yawa amsar da zai samu ta fi bidiyon zurfi.

Dabarun rage shan mai fa, kamar cire matatar iska ko ɗaura maganaɗisu a tiyo?

Maganaɗisu ba ya yi wa esansi komai. Cire matatar iska kuwa a gari irin namu kashe inji ne da gangan, domin ƙurar hunturu da yashin da iska ke ɗauka suna shiga su riƙa goge silinda da zobban fistin har inji ya fara hayaƙi ya rasa ƙarfi. Matse kabureta har mai ya yi ƙaranci yana sa inji ya ƙara zafi, alhali iska kaɗai ke sanyaya shi, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, abin da aka tsimi a mai za a biya shi ninki a bawul da ya ƙone. Haka nan masu cewa kowane baƙin mai ɗaya ne sun yi kuskure, saboda kulocin yawancin baburanmu a cikin man inji yake wanka, wasu mayukan mota kuma suna da sinadarin da ke sa shi sulɓi. A nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Abin da ke rage shan mai da gaske ba ya burge mai kallo, shi ya sa ba ya yawo a waya: iska daidai a taya, sarƙa mai mai, buji mai tsabta, da hannun da ba ya murɗa wuta yana sakewa ba dalili.

Mega tana ƙarewa da wuri. Akwai hanyar kallo da turawa ba tare da asara ba?

A ƙaramin allon waya ingancin hoto na 360 ya isa, sai dai a bidiyon gyara inda ake buƙatar ganin ƙananan sassa. A kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, domin shi ne ke cinye mega ba da sanin mai waya ba. Idan wuri ɗaya kuke zaune, mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth, ba a kashe ko dala ba. Ga wanda ke nesa, musamman ɗan'uwa da ke ƙauye inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, na fi son a tura adireshin bidiyon tare da layi ɗaya na bayanin abin da ke ciki da tsawonsa. Hakan yana ba shi zaɓi, yana barin sunan mai bidiyon da ranar ɗorawa a jikinsa, kuma kallon yana shiga lissafin wanda ya sha wahalar ɗauka, wanda wataƙila da wannan sana'a yake ciyar da iyalinsa.

Me ya sa hira a kan bidiyo take yawan komawa faɗa?

Saboda mutum yakan ji an kushe babur ɗinsa kamar an kushe gidansu. Mai babban babur yana raina mai ƙarami, mai na Indiya yana yi wa mai na Sin gori, alhali bidiyon da ya jawo maganar ba a kan ko ɗaya daga cikinsu yake ba. Ga mai raina ƙaramin babur, ya sani cewa Honda Super Cub, wanda ya fito a 1958 da inji mai cc 50, an ƙera guda miliyan 100 nasa zuwa 2017, kuma babu wani abin hawa mai inji da ya kai shi yawa a tarihi. Ɗan kabu-kabu da ke kan hanya tun asuba har dare ya fi mai hawa ranar Lahadi sanin tayar da ke jure wa yashi, don haka idan ya yi magana a saurara. Abin da na ga yana kashe gardama shi ne a tambayi mai magana a wace daƙiƙa ya ga abin da yake faɗa, a koma wurin a kalla tare.

Da gaske ne tseren Dakar ya taɓa ratsa ƙasarmu?

Ƙwarai kuwa. Bafaranshe Thierry Sabine ne ya kafa shi, kuma na farko ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978 da ababen hawa 182, waɗanda 74 kaɗai daga cikinsu suka isa Dakar a watan Janairun 1979, bayan sun biyo ta Aljeriya da Agadas da Yamai da Mali. Cyril Neveu ne ya yi nasara a kan Yamaha XT500. Shekaru da yawa bayan haka hamadar Tenere ta kasance zuciyar tseren, har kamfanin Yamaha ya sa wa wani babur ɗinsa sunan Ténéré a 1983, sunan da har yau ake sayar da babura da shi a duniya, kuma da yawa daga cikin masu hawansu ba su san a Nijar wurin yake ba. Sabine ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986. An soke tseren 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020.

Tsofaffin bidiyoyin nan suna cikin waɗanda na fi so, kuma su ne suka fi sa ni tunani. Ana ganin yashinmu da duwatsunmu da kyau irin wanda ba mu saba lura da shi ba, amma mutanenmu a gefen hanya suke tsaye cikin ƙura, ba suna, ba murya, kuma tseren ya kashe mazauna ƙauyuka a ƙasashen da ya ratsa, har da yara, waɗanda ba a cika ambatonsu a bidiyon bajinta ba.

Ina son in fara ɗaukar nawa bidiyon. Da me zan fara?

Da barin waya daga hannunka muddin babur yana tafiya. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa, saboda haka duban allo na daƙiƙa uku daidai yake da tafiyar mita 50 ido a rufe, ga shi hannun hagun da ke riƙe da wayar shi ne na kuloci. A ɗaure kyamarar a ƙirji a kunna ta kafin a tashi, ko wanda aka goya ya ɗauka, ko a tsaya a sauka. A nemi izinin mutane kafin a ɗauki fuskarsu, musamman mata a bakin rijiya da yara, kuma idan aka ce a'a a mayar da wayar aljihu ba gardama.

Abin ɗauka kuwa ba shi da iyaka: duwatsun da suka kewaye Birni da hantsi, lambunan Mirya da ke kimanin kilomita 18 daga gari, hanyar Magarya bayan ruwan farko, hanyar Gure lokacin kaka. Ka faɗi sunan hanyar da watan da ka bi ta da bakinka a cikin bidiyon, yadda ko an yanke rubutun shaidar tana nan, ka nuna inda yashi ya hau kwalta, inda ruwa ke kwanciya da damina, da garin da ake samun mai faci. Ni dai wanda har yanzu nake jira wani matashi ya ɗauko mana shi ne na dattijon makanike a garajinsa, hannunsa baƙi ƙirin da mai, yana bayani da Hausa yadda yake gane ciwon inji daga ƙararsa tun kafin mai babur ya kashe shi.